Wadda Take Kai Mana Labari

Allah Ya ji ƙan kakata, wadda ta haifi babana. Ya sanyaya mata makwanci, Ya tarbe ta da irin sauƙin da ta yi ta tarbar mutane da shi. Yau kwananta goma sha ɗaya a ƙasa. Na ɗauko ragowar littafin rubutuna na lakwal, wato makaranta, ina rubuta wannan, domin na ji an fara ba da labarinta a gajarce, ana cewa mutuniyar kirki ce, shi ke nan. Kowa ya mutu haka ake ce masa. Ni ina so a san irin kirkinta.

Ranar da aka kai ta, gidanmu na nan Dakoro bai ɗauki mata ba, sai da aka ari tsakar gidan maƙwabta. Damina ce, ana tsakiyar noma, amma aka bar hauya a gona aka zo. Wasu daga Korahane a kan amalanken jaki, wasu daga Bader Goula a bayan mota, zannuwansu duk laka. Ina raɓe a bakin madafa ina jin su. Kowace in ta zauna ta shafa addu'a, sai ta juya ga ta kusa da ita ta ce, “Ni na mijina ta kawo mini.” Waccan ta ce, “Ni na uwata.” Wata siririyar mata da ban sani ba ta ɗaga yatsu biyu.

Aikin Kaka ke nan, in har aiki za a kira shi. Ba sarauta ba ce, ba gado ba ne. In an yi mutuwa, kuma akwai macen da ba ta ji ba, uwa ko mata ko 'ya, Kaka ake aikawa ta je ta faɗa mata. Tun babana yana goye take yi.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bayan layinmu ta ce, “Ni kam Allah Ya yahe mini, in na hango ta tahe sai in sake hanya. Rannan har bayan rumbu na ɓuya. Sai na ji ta ce, hito, mahaukaciya, kowa naki na raye, allura na zo ara.”

Aka yi dariya a zaman makoki, mata suna rufe baki da mayafi. Da dariyar ta lafa sai matar liman ta ce, kamar da kanta take magana, “To yanzu wa za a aika?”

Wata daga baya ta ce, “Salula.”

Ba wadda ta dube ni, kuma na san da gangan ne, domin duk sun san abin da na yi.

Ga abin da na yi. Ranar da ta rasu kowa yana gona, ni da ita kaɗai ne a gida. Bayan azahar tana zaune a ƙofar ɗakinta, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga gero, tana yi mini tsiya wai duk shekarun da na yi a kwaleji ba a koya mini bambanta dutse da hatsi ba. Ta ce in ɗebo mata ruwa, na randa, ba na bido ba, jarkar nan tamu, wai na bido warin roba yake. Na je na dawo. Na tarar ta jingina da bango, faifan ya zame, kaji sun taru suna cin geron har a kan ƙafarta, ba ta kore su ba. Kajin ne suka gaya mini. Kaka ba ta taɓa barin kaza ta ci ƙwaya ɗaya a gabanta ba tare da ta zage ta ba.

Na girgiza ta, na kira ta, na sake kira. Gidan maƙwabta taku goma ne, amma ban tuna da shi ba. Salula na ɗauka, na buɗe rukunin hirar danginmu, na danna saƙon murya, na kurma ihu a ciki: “Kaka ta mutu! Kaka ta mutu, ku zo, ni kaɗai ce!”

Gwaggo, ƙanwar babana, 'yar Kaka mace guda ɗaya, tana Birnin Lalle a lokacin tana suyar ƙuli-ƙuli. Ta danna saƙon da hagu, matsami yana hannunta na dama. Kaskon ya kife. Mai ya cinye mata hannu har wuyansa. Da ƙunshin farin ƙyalle ta zo jana'izar uwarta, ko wankan ba ta iya sa hannu ba. Saƙon kuma aka yi ta tura shi gaba, har yau ihuna yana cikin salular mutanen da ban sani ba. Tun ranar ban ƙara taɓa tawa ba. In ta yi ƙara sai in fita daga ɗakin.

Gwaggo ba ta ce mini komai a kan hannun ba. Washegari da hantsi ta yafito ni da hagu, na durƙusa a gabanta.

Ta ce, “Jibi kasuwa. Innar Daji na tahe.”

Innar Daji ƙawar Kaka ce, Bafillata, ta girme ta ma. Mu yara muka sa mata sunan. Ruggarsu tana arewa da gari, tana matsawa duk inda ruwa ya sauka, ba rezo a can, salula ba ta shiga, ba wanda ya san ainihin inda suke a wannan satin. Duk ranar kasuwa tana zuwa da ƙwaryar nono a ka, kuma tun daga bakin ƙofa take ɗaga murya: “Kaɗo! Har yanzu ba ki mutu ba?” Kaka ta amsa daga ciki: “Ina jiran in kai naki labari tukuna, Fillo, in na gane ƙayar da danginki sunka ɓuya.” Gaisuwarsu ke nan tun ban san kaina ba. Bara Innar Daji ta yanke jiki ta faɗi a zaurenmu, majon asibiti ya ce tansiyo ne, hawan jini, a kiyaye ta da firgita.

Gwaggo ta ce, “Ke za ki hwaɗa mata.”

Na ce, “Gwaggo, ni?”

“Da wa? Ke kinka bi ta gida-gida, ke kinka riƙe mata buta. In ke ba ki koya ba, to ba wanda ya koya.”

“Gwaggo, kin ga abin da bakina ya yi.”

Ta dubi hannunta, ta dube ni. “Na gani. Jibi da hantsi.”

Na ɗauka horo ne. Abin da nake gani shi ne tsohuwar nan ta iso ƙofa, ta yi kiran nan nata a kan maza zaune a tabarmin makoki, ko kuma ni in buɗe baki in kashe ta. Kwana biyun nan na yi su ina tono duk abin da na taɓa gani a wurin Kaka, kamar mai shirin jarrabawa, ina nema ko akwai abin da ya maƙale mini.

Ina da shekara goma sha huɗu ta fara tafiya da ni, domin idonta ya fara rauni. Ta farko da na tuna sosai Korahane ce. Wani magidanci ya rasu a wurin haƙar zinariya can arewa, rami ya rufta, matarsa ba ta ji ba. Muka tarar da ita tana daka, goyo a baya. Da ta ga Kaka sai taɓaryar ta tsaya a sama.

Kaka ta ce, “Wanga daka naki ko na mai jin barci. Kawo nan.”

Ta karɓi taɓaryar ta jingine ta can nesa. Ta ce yaron ya yi zufa, a kwance shi. Ta karɓe shi ta ba ni. Ta leƙa murhu, ta ga wuta, ta ce hayaƙi na damun idonta, ta sa aka janye itacen. Sannan ta zauna a ƙasa, ta ce ita yunwa take ji, kuma ba ta cin abinci ita kaɗai a gidan mutane. Aka dama fura. Matar tana sha, Kaka tana cewa ƙara, ni kaɗai za ki bari da ƙwarya? Sai da ta ga ta sha da yawa, sannan ta matso har gwiwarsu ta haɗu, ta kama wuyan hannunta, ta faɗa mata. Ba ta yi kewaye ba. Ta kira sunansa, ta ce Allah Ya karɓe shi, ta faɗi ranar, ta ce an yi masa sutura, mutanen garinsu ne suka sa shi a ƙasa. Matar ta zube a jikinta. Kaka ba ta ce ta yi shiru ba. Ta riƙe ta kawai tana jijjiga ta.

A hanyar dawowa, a kan amalanke, na ce mata, “Kaka, ai tun da ta gan ki ta sani. Don me kika ja mata rai da fura?”

Ta ce, “Daga yau kwana ukku ba abin da zai wuce maƙoshinta. Ɗan da kinka riƙe mi zai tsotsa? Ke ba ki dibi ɗan ba, bakina kike kallo.”

Ba ta faɗa wa mace tana tsaye. Ba ta faɗa wa mai riƙe da wuƙa, ko mai kaya a ka, ko mai tsaye a bakin rijiya. Ba ta taɓa jera mini su a matsayin doka ba, ni ce na tsinto su ɗaya-ɗaya. Shi ya sa na kasa manta Gwaggo da kaskon mai. Shekara biyar ina kallon yadda ake janye wuta kafin a yi magana.

Ta kuma ƙi jinin abin da mutanenmu suka saba, wato a aika wa mutum a ce jiki ya yi zafi, ya taho, alhali an riga an rufe. A kan wannan suka yi faɗa da babana, faɗan da ba zan manta ba. Ɗan maƙwabcinmu ya rasu, uwarsa ta je ganin gida Bader Goula. Baba ya fito da salula, ya ce zai kira ya ce mata yaron yana jin jiki, ta kamo hanya. Kaka ta miƙa hannu kamar za ta duba wani abu, ya ba ta. Ta sa a ƙarƙashinta ta zauna a kai.

Baba ya ce, “Inna, mine ne haka?”

Ta ce, “Kira mu gani.”

“Inna, hanyar ga ba ta tsohuwa ba ce. Kowa haka yake yi, a rage mata zahi.”

“A rage wa wa? Kai za ka rage wa bakinka nauyi, ita ka ɗora mata.”

Sai ta ba shi labarin da ni ma ranar na fara ji. Tana amarya a garin nan aka aiko mata wai uwarta ba ta da lafiya. Ta haɗa man shanu da zuma, ta hau jaki, kwana biyu tana tafe tana roƙon Allah Ya ba ta sauƙi, tana tsara abin da za ta dafa mata. Ta isa ta tarar an share ɗakin, an naɗe tabarmar, har an yi sadakar uku.

Ta ce, “Kwana biyu ina yi wa matacciya guzuri, kowa na hanya ya sani ban da ni. Mutuwar na yahe wa Mai ita. Zumar ce ban yahe ba.”

Ta tashi, ta miƙa masa salularsa da ɗumi, ta sa aka kira mata ɗan kabu-kabu, ta hau bayan moto, wato babur, a shekarunta. Ta dawo washegari tare da matar, bayan Kaka ya riƙe, sati guda ba ta miƙe ba. Baba ya yi fushi don ta kunyata shi a gaban maza, ita ta yi fushi don ya yi fushi. Kwana huɗu ta bakina suke magana suna zaune a tsakar gida ɗaya. “Ki ce wa ubanki tuwonshi na hucewa.” “Ki ce wa Inna na ƙoshi.” “Ki ce mishi ni na haihe shi, na san ƙarar cikinshi.” A rana ta biyar ya sayo mata man zafi ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ta ce wannan ba shi da ƙarfi, ta shafa shi har ya ƙare.

Ba waliyyiya ba ce. Bakinta yana da kaifi, tana da riƙo, kuma in ta ce abu ta gama. Mahaifiyata ta sha kuka a kan gishirin miya. Amma akwai wani abu da take gani a jikin mutum tun kafin shi ya san yana ɗauke da shi.

Shekarar da na faɗi jarrabawar ƙarshen kwaleji, karo na farko, na dawo na kasa shiga gida. Baba ya riga ya gaya wa abokansa na majalisa cewa 'yarsa za ta wuce lise, babbar sakandare. Na tsaya a zaure. Kaka ta fito za ta zubar da ruwa, ta dube ni sau ɗaya, ta ce, “Shiga ɗakina, kar ki hito.” Ta ɗauki mayafinta, ta je ta sami Baba a inuwa. Ina leƙe ta taga. Ta ce ya ajiye wuƙar da yake gyaran igiya da ita. Ta ce ya zauna. Ta tambaye shi ko ya ci abinci. Na ga fuskar Baba ta canza, ya cire hula, ya fara salati. Ta matso ta kama wuyan hannunsa.

Ya ce, “Inna, wa? Hwaɗa mini, wa?”

Ta ce, “Yarinyar ga ta hwaɗi jarrabawa.”

Baba ya ce, “Alhamdu lillahi!” da ƙarfi har awaki suka firgita.

Ya gane daga baya, ya yi ta faɗa wai an yi masa wayo, amma mutumin da ya riga ya yi hamdala ba ya iya ɗaukar bulala. Ya mai da ni na maimaita ajin. Ita kuwa ta shigo ɗaki ta ce, “'Yar lakwal, kin ci bashin tsihwar kaina har shekara.” Kuma sai da na tsefe.

Abin da ban gane ba sai yanzu shi ne abin da aikin ya ci mata. Mutane suna girmama ta, amma ba sa son ganinta ba zato. In zumunci za ta je, tun daga nesa take ɗaga murya, “Lahiya lau! Lahiya lau na zo!” don kada wata ta saki tulu. Ta san masu jego ba sa so ta zama ta farkon ɗaukar jariri, ta san uwar amarya tana ɗan daskarewa in ta shigo. Ba wanda ya taɓa faɗa mata. Sai ta riƙa aika ni da gudummawarta da wuri, ita ta zo bayan an ci an watse, ta zauna a gefe, ta yi addu'a ta tafi. Sau ɗaya kaɗai na ji ta taɓa maganar. Muna dawowa daga wani suna, ta tsaya tana gyara takalmi, ta ce, “Ni ma da ina son in shiga gida a yi guɗa.” Sai ta miƙe ta ce rana na yi, in ɗaga ƙafa.

Da na san me nake ji, da na yi mata guɗa a nan tsakiyar hanya. Ina da murya a lokacin.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tsoron fuskarta ba, ita ce Innar Daji. In ta zo sai su baje a inuwar ɗaki, ƙafa a miƙe, suna zagin juna suna cin goro. Kaka ta ce nonon rabi ruwa ne, Inna ta ce bakin Kaɗo bai san nono ba sai kunu. A ranakun nan kaɗai nake jin Kaka tana dariya har da tari. Ban taɓa tambayar inda suka san juna ba. Na ɗauka tare aka halicce su.

Ranar kasuwa ta zo. Tun da safe na roƙi maƙwabciyarmu ta kan kwana ta ara mini zaurenta, domin ƙofarsa ba ta kallon tabarmin gidanmu. Na share, na shimfiɗa tabarma, na ajiye ruwa da fura. Na fita na tsaya a gindin dogon yaro, inda layinmu ya haɗu da hanyar kasuwa. Tumaki suna wucewa, amalanke suna wucewa, ni ina maimaita kalmomin a zuciya, suna watsewa, ina sake tarawa. Sau biyu na juya zan koma in ce wa Gwaggo ba zan iya ba.

Da hantsi ya ɗaga na hango ta. Doguwa, a ɗan sunkuye, baƙin zane, sanda a hannu, babbar ƙwarya a ka. Tana tafe a hankali fiye da yadda na saba gani.

Na ce, “Inna, sannu da hanya.”

Ta ce, “Ɗiyar Kaɗo. Mi kike yi nan rana na cin ki?”

“Tarbarki na zo. Mu shiga nan ki huta tukuna.”

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta bi ni cikin zauren gidan da ba ta taɓa shiga ba. Na ce ta kawo in kama mata. Na sa hannu biyu, na ɗaure ƙarfina don nauyin nono, na ɗaga. Ƙwaryar ta tashi sama kamar ganye, saura kaɗan ta suɓuce mini. Ludayi ne kawai ya yi ƙara a ciki. Babu ko ɗigo. Tsakiyar damina, shanu suna cikin ciyawa, Innar Daji ta zo da ƙwarya busasshiya.

Na dube ta. Ta kau da kai tana kallon bango. Ta jingine sandarta da kanta, ta zauna, ta miƙe ƙafa.

Ta ce, “Ba ni ruwa.”

Na ba ta. Ta jawo furar, ta sha ludayi uku, tana haɗiyewa da ƙyar kamar magani. Ta goge baki, ta miƙo mini hannunta, wuyan hannun a sama.

“To, na ci. Ina jin ki.”

Na durƙusa na kama. Fatar kamar busasshen ganye, jijiyar tana bugawa a ƙarƙashin yatsana. Na ce, “Inna, Allah Ya karɓi ƙawarki. Yau kwana uku. Da rana ne, tana zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta sha wuya ba. An yi mata sutura kafin magariba, mutane sun cika.” Muryar ta fito ƙarama, amma ta fito duka.

Ta rufe ido ta yi salati mai tsawo. Ina riƙe da hannun, ina jin bugun, ina jiran ya tsaya. Bai tsaya ba.

Can ta ce, “Shekaranjiya wani mai sayen awaki ya zo rijiyarmu bisa moto. Yana taya akuya ya ce, af, tsohuwar nan taku ta gari ta mutu. Ko injin bai kashe ba. Na ce mishi ban ji ba. Ya sake hwaɗi, na ce ban ji ba, kurma ce ni. Matar da ta yi wa duniya duka, ita za a jeho mini a bakin rijiya? Na ce sai na ji daga gidanta. Kwana biyu ga ni riƙe da ita da rai. Nonon ne na kasa. Na zauna gindin saniya, na ce wa zan kai ma?”

Ta ce in ba ta labarin yadda aka yi. Duk kwanakin nan ba wanda ya tambaye ni. Na faɗa mata duka, har ihun, har hannun Gwaggo.

Ta ce, “Shekarunki nawa?”

“Sha tara.”

“Ke kaɗai da gawa da rana tsaka. Ihu kinka yi. Ko saniya ta yi. Wa ya aiko ki gare ni?”

“Gwaggo.”

“Mai hannun?” Ta jinjina kai. “Ɗiyar uwarta ce.”

Ta murza bakin zanenta. Sannan ta ce, “Kin san inda na samo Kaɗon ga? Ɗana na hwari, saurayi, ciwo ya kama shi, anka kawo shi gari, ni ina can da dabbobi. Nan ya ƙare. Ita anka aiko, ban san ta ba, ba ta san ni ba. Yini guda ta yi a ƙasa tana tambayar ruggarmu. Ta hwaɗa mini. Mu kuma ba mu kuka a idon baƙo, balle kan ɗan hwari, ko sunanshi ban taɓa kira ba. Na ce to. Na tashi na kawo mata nono. Ina tsaye, nan wurin,” ta dafa ƙirji, “kamar an cusa mini dutse. Ta dube ni, ta dube ni. Sai ta ce wai takalminta ya ɓace mata a hanya, ƙahwa ɗaya, bari ta je nema. Ta tahi can bayan tudu inda ba ta ganina. Ba ta dawo ba sai da rana ta karkata.”

Ta ja numfashi.

“Takalmin na ƙahwarta duka biyu. Ina kallon su tana tahiya.”

Tana zaune a miƙe, idonta a bushe, a kan bango. Haɓarta ce kawai take motsi kaɗan-kaɗan, hannunta da ke cikin nawa ya yi tauri.

Na ce, “Inna, kamar na ji Gwaggo na kirana.”

Ba wanda ya kira ni. Daga zauren nan ko ganga aka buga a gidanmu ba a ji.

Ta ce, “Je ki. Kar ki yi sauri.”

Na saki hannun, na fita, na jawo ƙyauren. Ban je ko'ina ba. Na tsaya a bakin ƙofar, bayana a jikin langa-langa, fuskata ga hanya. Da farko shiru. Sannan na ji wani sauti siriri mai tsawo da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, yana tashi yana sauka, da kalmomin Fillanci a ciki da ban gane ba, sai sunan Kaka na yanka, wanda ko babana ba ya faɗa.

Mai gidan ta dawo daga kasuwa da kaya a ka, za ta shiga zaurenta. Na tare ƙofar da hannu biyu.

Ta ce, “Lahiya?”

Na ce, “Ki yi haƙuri, ki zaga ta baya. Akwai mutum a ciki.”

Ta dubi fuskata, ta saurara kaɗan, ta zaga.

Na tsaya nan har aka kira azahar.